BAKIN BINDIGA: Tarihin Banati da Salansa, da Abin da Marubuci Zai Tsinta a Ciki

 

Akwai wani fage da ya zama ruwan dare a labaranmu na 'yan fashi da jami'an sirri, musamman waɗanda ake sakawa babi-babi a intanet. Mugu zai zaro bindiga, ya ɗaura mata salansa kafin ƙiftawar ido, ya harbe maigida a falo, uwargida tana kicin tana yanka albasa ba ta ji komai ba. Daga finafinai muka kwaso wannan, su kuma masu fim sun yi shi ne don sauƙin aikinsu. Yau ina so mu bi tarihin abin da ake ɗaura wa bakin bindiga, da hanyoyin ɗaura shi, tun daga wuƙa har zuwa salansa, mu kuma auna shi da bindigar da ƙasarmu ta Jega da Aliero da Maiyama ta sani. Ba koyar da makami muke yi ba. Muna so ne alƙalaminmu ya daina faɗin abin da ƙarfe ba ya yi.

BINDIGAR DA KAKANNINMU SUKA SANI

Mu fara daga gida. Gimbana, garin Malam Abdussalami da ke kusa da Jega, ita ce wadda harin da mayaƙan Sarkin Gobir Yunfa suka kai mata ya zama ɗaya daga cikin dalilan hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zuwa Gudu a 1804. Ɗan Abdussalami, wato Buhari, shi ya kafa Jega wajen 1820. Yaƙe-yaƙen wancan zamani da baka da kibiya da mashi da takobi da doki aka yi su. A Tafkin Kwatto, cikin 1804, 'yan baka ne suka karya dawakin Gobir. Akwai ruwayar da ke cewa Yunfa ya taɓa auna Shehu da bindiga a Alƙalawa, sai wutar ta dawo ta ƙone shi. Ko ba komai, ruwayar tana nuna mana yadda mutanen lokacin suke kallon bindiga: abu ne na sarki, mai ban tsoro, amma ba abin dogaro ba.

Baturen nan Kilafaton ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa yaƙi da Gobirawa a 1826. A cikin dubban mayaƙa, bindigogin da ya ƙirga ba su kai hamsin ba. Sai a rabin ƙarni na biyu bindiga ta yawaita, tana haurowa daga bakin teku ta ƙasar Yarabawa da Nufe. Nufe kuwa a ƙarƙashin Gwandu take, kuma Jega, da ke bakin Gulbin Zamfara a kan hanyar fataken goro zuwa Gwanja, tana cikin manyan kasuwannin wannan yanki. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Burasels, suka taƙaita sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani, suka bar mana masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Jikokin waɗannan su ne bindigar toka da baushe da maƙeranmu suke ƙerawa har yau.

Abu biyu ya kamata marubuci ya riƙe game da wannan bindiga. Na farko, ta baki ake ciyar da ita. A zuba albarushi, a tura tsumma, a zuba harsashi, a danna da sanda. Don haka dole bakinta ya zauna a sake, duk abin da ka toshe shi da shi ka kashe bindigar. Na biyu, rabin ƙarfinta a muryarta yake. Ba ta da saiti mai nisa, ɗurinta yana cin lokaci, damina kuma tana jiƙa mata albarushi. Amma ƙararta da hayaƙinta suna firgita doki, doki kuwa shi ne ƙashin bayan rundunar sarakuna. Wannan ne ya sa har gobe a garuruwan Hausa da yawa ake buga bindiga idan an ga wata, 'yan bindiga kuma suke cika gari da tsawa ranar hawan salla. Manomin albasa a Aliero ko maharbi a dajin Mungadi da Andarai, idan ya ji an ce wai wani ya kashe kuɗi don ya rufe wa bindigarsa baki, zai tambaya: to da me za ta kori ɓarawo ke nan?

WUƘA A BAKIN BINDIGA

A Turai ma irin wannan bindiga suka fara riƙewa, kuma matsalarsu ɗaya da tamu: idan ka harba, kafin ka sake ɗuri mai doki ya iso kanka. Maganin da suka samo a ƙarni na 17 shi ne su mayar da bindigar mashi, su ɗaura mata wuƙa a baki. Ita ce banati, sunan da ake dangantawa da garin Bayon na ƙasar Faransa. A nan aka fara fuskantar tambayar da har yau maƙeran salansa suke fama da ita: yaya za a haɗa ƙarfe biyu su kama da sauri, su riƙe da ƙarfi, su kuma rabu idan an so?

Maƙerin Jega ya san amsoshi biyu na farko tun kafin ya ji sunan Faransa. Dubi gatari: tsinin ruwan ake cusawa cikin ramin ƙota. Dubi mashi kuma: gindin ƙarfen ake naɗewa ya zama kamar bututu, sandar ta shige ciki. Ɗaya cusawa, ɗaya haɗiyewa.

Banatin farko irin na gatari ne. Ƙotar wuƙar ake cusawa cikin bakin bindiga. Sauƙi gare shi, amma da zarar ka cusa, ba sauran harbi. Idan ka cusa da ƙarfi ya ƙi fita, idan ka cusa a hankali ya zauna a jikin wanda ka soka. A 1689, a wani wuri da ake kira Kilikranki a ƙasar Sukotlan, sojojin gwamnati ƙarƙashin Janar Makay suka yi harbi, mayaƙan duwatsu suka gangaro musu da takubba a guje. Kafin su gama cusa wuƙaƙensu an riga an shiga cikinsu. Cikin ɗan lokaci rundunar ta watse. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai aka koma dabarar mashi. Aka yi wa banati bututu wanda zai haɗiye bakin bindiga ta waje, wuƙar ta goce gefe, ramin ya zauna a buɗe. Ga ɗuri, ga harbi, ga suka, duk a lokaci guda. A jikin bututun aka yanka wata tsaga mai lanƙwasa, a jikin bindigar kuma aka bar ɗan ƙulli. Ka tura, ka murɗa kaɗan, ƙullin ya faɗa lungun tsagar, shi ke nan ya kama. Sojan Faransa ya rungumi wannan gaba ɗaya a 1703, daga nan aka yi sallama da dogon mashi a fagen yaƙin Turai. Da aka ga abokin gaba yana iya kama wuƙar ya murɗe ta, sai aka ƙara zobe mai kullewa, daga baya kuma aka koma maƙalli mai sifirin wanda sai ka danna yake saki.

Wannan dabara tana cikin ɗakinka yanzu haka. Ƙwan lantarki iri biyu muke saya a kasuwa: mai murɗi irin na noti, da mai 'yan kunnuwa biyu wanda ake turawa a juya kaɗan. Na biyun, a Turance sunan banati yake ɗauke da shi har yau, domin daga can aka aro shi. Ka riƙe waɗannan ƙwayaye biyu a ranka, da su za mu gane sauran bayanin.

UBA YA ƘERA TSAWA, ƊA YA ƘERA SHIRU

A 1884 wani Ba'amurke mazaunin Ingila mai suna Hiram Maxim ya ƙera bindiga mai jigida wadda take ɗura kanta da ƙarfin harbinta, tana zubar da ɗaruruwan harsasai a minti guda. Ita ce ta zo ƙasarmu. Rundunar Kanar Molan, bayan ta ci Kano, ta biyo ta Shagari, ta tsaya a Giginya a bakin Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. Da igwa da Maxim aka tarwatsa rundunar Sarkin Musulmi Attahiru, wanda daga baya ya yi shahada a Burmi cikin Yulin wannan shekara. Gwandu, uwar ƙasarmu, ba a yi yaƙi a ƙofarta ba.

Amma ko Maxim tana da lokacin da take barci. A Fabrairun 1906, a Satiru kudu da Sakkwato, talakawa masu gatura da fartanyu da baka suka auka wa sojan doki na Turawa kafin su daidaita sahu. Bindigar mai jigida ba ta kai ga yin aiki ba, aka kashe Razdan da wasu Turawa biyu da sojoji da dama, aka kuma ƙwace ta. A watan Maris Turawa suka dawo suka shafe garin, suka kashe mutane masu ɗimbin yawa. Abin da ya faru a Kilikranki shi ya faru a karon farko na Satiru: makami komai ƙarfinsa, akwai 'yan daƙiƙu tsakanin ɗauko shi da shirya shi, kuma a cikin waɗannan daƙiƙun ake mutuwa.

Shi Maxim babba, gwajin bindigogi ya kurmantar da shi a ƙarshen rayuwarsa. Ɗansa, Hiram Percy Maxim, shi ne ya samu takardar mallakar fasahar salansar bindiga a Amurka a 1909. Dabarar ita ce a tare iskar wuta da ke biyo harsashi a cikin wani gwangwani mai ɗakuna-ɗakuna, ta huce, ta fita a hankali. Dabara ɗaya ce da ta bututun hayaƙin mota da babur, kuma kamfaninsa daga baya ga injuna ya koma. Ashe kalmar salansa da ɗan acaɓa yake faɗa kullum a tashar Maiyama 'yar gidan Maxim ce. Uban ya aiko mana da tsawa a Giginya, ɗan ya aiko mana da kalma.

Ba 'yan ta'adda ya yi wa talla ba. Maharba da masu wasan saiti ya nufa, waɗanda ba sa son damun maƙwabta. Tsohon shugaban Amurka Tiyodo Rusbelt yana da ita a kan bindigarsa ta gida. A 1934 gwamnatin Amurka ta sa mata rajista da harajin dala 200, kuɗin da a lokacin ya ninka farashinta sau da yawa, kasuwarta ta kwanta shekaru masu yawa.

HANYOYI HUƊU NA ƊAURAWA

Hanya ta farko ita ce a ƙera bindigar da salansarta a jiki, ba cirewa ba sakawa. Ingila ta yi irin wannan a Yaƙin Duniya na Biyu, kamar ƙaramar Welrod da doguwar De Lisle, Jamus kuma ta fito da MP5SD a shekarun 1970. Suna cikin mafi shiru a tarihi, domin an auna komai tare tun daga maƙera. Aibinsu, bindigar aiki guda ce, kamar lauje.

Ta biyu ita ce murɗi irin na noti, wato ƙwan lantarki na farko. Ita ce mafi sauƙi, mafi arha, mafi rashin nauyi, kuma idan maƙeri ya gyara aikinsa tana zama daidai da ramin bindiga. Salansar da Tarayyar Sobiyet ta yi wa AKM a kan murɗi take hawa. Amma sai an yi ta juyawa kafin ta zauna, kuma girgizar harbi tana kwance ta a hankali, kamar yadda hanya mai gargada take kwance notin babur.

Ta uku ita ce tura-ka-murɗa, jikar banati kai tsaye. Rasha ta yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu a wata salansa mai suna Bramit, wadda take hawa bakin doguwar bindigarsu ta Mosin kamar yadda banati yake hawa. Bindigar MP5 ta kamfanin Heckler & Koch tana da ƙulli uku a baki, daga baya aka yi salansa mai sifirin da take kama su da ɗan juyi guda. Wajen sauri ba ta da na biyu. Sai dai tana da ɗan wasa a jiki, shi ya sa ta fi dacewa da bindigogi masu ƙaramin harsashi.

Ta huɗu ita ce ta zamani, wadda kamfanoni irin su Knight's Armament da SureFire suka yi wa sojan Amurka. Ana ɗaure wani ɗan ƙarfe a bakin bindiga ya zauna dindindin, salansar kuma ta hau kansa, a kulle ta da zobe ko maƙalli mai haƙora. Wasu suna yi wa mahaɗar siffar mazurari don ta daidaita kanta ta kuma toshe hayaƙi. Ta haɗa sauri da riƙo, amma ta fi nauyi, ta fi tsada, kuma kowane kamfani da nasa ƙirar, na wannan ba ya hawa na wancan. Wanda ya sayi ɗaya ya yi aure da kamfanin.

Idan ka jera su, za ka ga ciniki ɗaya ake yi tun 1689. Abin da ka samu a sauri, ka biya shi a nauyi ko a kuɗi ko a riƙo. Ga kuma abin dariya: wadda ake kira mai saurin cirewa ita ce ta fi shahara da ƙin fita. Baƙin hayaƙi yana taruwa a mahaɗar ya daskare, zafi ya kumbura ƙarfe, sai a wayi gari soja yana kokawa da ita kamar yadda kakansa ya yi kokawa da banatin cusawa. Sauri ya haifi nawa. Idan kuma ba ta zauna daidai ba, harsashi yana dukan cikinta ya lalata ta. Ko ta zauna daidai, nauyinta yana sauya inda harsashi yake sauka, sai an sake saiti.

ANA JIN TA KO BA A JI?

Ana ji. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hirar mutum biyu tana wajen 60. Harbin doguwar bindiga yana wajen 160 ko fiye. Salansa tana rage tsakanin 20 zuwa 35. Abin da ya saura, wajen 130 zuwa 140, ya fi ƙarar injin niƙa nesa ba kusa ba. Ban da haka, sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, harsashin AK-47 kuwa yana wuce mita 700. Duk abin da ya riga sauti gudu yana yin tasa ƙarar a iska, kamar bulalar da aka kaɗa, wannan kuma salansa ba ta da iko da shi. Ga ƙarar ƙarafunan bindigar, ga kwanson da ya faɗi ƙasa, ga warin hayaƙi. Bayan harbi talatin a jere kuma gwangwanin ba ya taɓuwa da hannu, balle a zura shi a aljihun kaftani.

To me ya sa sojoji suke sonta? Tana kare kunne, tana rage walƙiyar wuta da dare, tana rikita wanda ke nesa ya kasa gane daga ina harbin ya fito, tana kuma barin kwamanda ya yi magana a ji shi. Saboda irin waɗannan dalilai ne rundunar Marin ta Amurka ta fara raba ta ga dakarunta na ƙasa a ƙarshen 2020.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Idan labarinka a Jega ko Aliero yake faruwa, tambayi kanka wace bindiga ce za ta iya kasancewa a hannun wannan mutum. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, na kai waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda yake ba da lasisinsu, da masu ɗuri ta baki irin bindigar toka. Maharbi da ɗan banga a kashi na uku suke. Kada ka ɗaura wa baushe salansa, ta ina zai yi ɗuri? Kada ka ɗaura wa ƙaramar bindiga mai juyi, domin galibinsu iskar tana tsira ta gefe kafin ta kai baki. Kada jaruminka ya kwance ta da hannu bayan musayar wuta.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne halin da muke ciki. Mutanen jihar Kebbi, musamman na kudanci da na bakin iyaka, sun san ƙarar bindiga a shekarun nan, ba a fim ba. Ɗan bindigar daji ba ya ɓoye harbinsa. Da gangan yake sakin wuta sama tun daga bakin gari, domin ƙarar ce take kora mutane daji, kamar yadda ta kori dawaki shekara ɗari biyu da suka wuce. Wanda ya kwana a gona cikin dawa yana ƙirga harbi, idan ya buɗe littafinka ya tarar da bindigar da ke kisa ba a ji, zai san ba da shi kake ba. Kisan shiru yana sa mutuwa ta zama abu mai tsafta da sauƙi a idon yaro mai karatu, alhali ba haka take ba.

Kuma ta fuskar sana'a, gaskiyar ta fi daɗin labari. Daƙiƙun da mutum yake murɗa ƙarfe hannunsa yana rawa, maƙallin da ya ƙi kamawa, maƙwabciyar da ta ji ta ɗauka tayar mota ce ta fashe, karen da ya fara haushi, duk waɗannan kayan aiki ne da fim ya ƙwace mana. Ga kuma tarihinmu zube ba mai ɗauka: bawan sarki ɗan bindiga da albarushinsa ya jiƙe a yaƙin Gwandu da Argungu, maƙerin Jega da ya fara kwance bindigar fatake don ya ga cikinta, matashin Satiru da ya tsaya a kan Maxim bai san ta inda ake tashinta ba. Kowane ɗaya littafi ne.

Aikin wannan mako: rubuta fage na kalmomi 300 wanda aka yi harbi guda a cikinsa, amma ta kunnen wanda yake ɗaki na gaba za mu ji shi. Wanda kuma yake da dattijo maharbi ko maƙeri a unguwarsu, ya tambayo mana sunayen sassan bindigar toka yadda ake faɗarsu a garinsu, mu tara su a nan ƙasa kafin su bi masu su.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa ƙarar da za mu riƙa ji ta ganin wata ce kawai. Sai mako mai zuwa.